Fararen ɗigo a hoton ƙwaƙwalwar Mama

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an yi wa Mama hoton MRI, an ga fararen ɗigo-ɗigo a ƙwaƙwalwarta, kina tsoron ko gigin tsufa ne ya kama ta. Allah ya ba ta lafiya. Mun sha wannan fargabar a kan Babanmu a nan Kumasi.

Ɗigon suna fitowa ne a farin ɓangaren ƙwaƙwalwa, inda zaruruwan da ke kai saƙo daga sashe zuwa sashe suke. Ƙananan jijiyoyin jini ke ciyar da wurin. Idan hawan jini ko suga suka daɗe suna cin su, sai su tsuke, wurin ya yi tabo, shi ne ɗigon da ake gani a hoton. Tsofaffi da yawa da suka haura 60 suna da su, hankalinsu kuma garau. Yawan ɗigon ake dubawa. Ki nemi kalmar Fazekas, wato ma'aunin yawan ɗigon, a takardar sakamakon hoton: 1 a warwatse suke, 2 sun fara haɗewa, 3 sun game. Na Baba 2 ne.

Abin da har yau yake ci mini rai, shi ba da mantuwa ya fara ba. Tafiyarsa ce ta canza. Daga gidanmu a Aboabo zuwa masallaci, ina daga ɗaki nake jin silifas ɗinsa na gogar ƙasa, taku gajere-gajere. Fitsari ya riƙa matsa masa. A shago, canjin sidi 20 sai ya tsaya yana juya kuɗin a hannu, mutumin da lissafi da ka yake yi. Muka ce ai tsufa ne. Ashe maganin hawan jinin ma sai kansa ya yi ciwo yake sha.

Likita a asibitin Komfo Anokye ya ce mana tabon da ya riga ya fito da wuya ya goge, amma ana iya rage masa gudu. Binciken SPRINT MIND na Amurka a 2019 ya nuna waɗanda aka nemi sauke lambar saman hawan jininsu ƙasa da 120, tabonsu bai ƙaru kamar na waɗanda aka nemi sauke tasu ƙasa da 140 ba. Amma don Allah kada ki ƙara mata magani da kanki, jiri na kayar da tsoho.

Ki sayi na'urar awon hawan jini, ki riƙa rubuta lambobin safe da yamma ki kai wa likita. Ki roƙa a duba suga da bitamin B12. Kuma ki gaya mana, yaya tafiyar Mama take yanzu?