Amsa ga mai neman sulken fallaye: ka sayi fallayen, ka ɗaure da hannunka

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce kana shirin shiga ƙungiyar masu raya tarihin mayaƙan Baikin na arewacin Turai, kuma ka ga sulken fallaye, wanda ake kira lamela, da aka gama haɗawa ana sayarwa da rahusa, shi ne kake neman sanin ko ka saya ko kuwa ka haɗa naka. Shekara tara ke nan ina wannan harka a nan Jamus, na sayi ɗaya na yi da-na-sani, na kuma haɗa biyu da hannuna, saboda haka zan gaya maka abin da na gani.

Da yake mu idan an ce sulke hankalinmu kan tafi ga na zobba irin wanda mahaya ke sawa ranar hawan salla, bari in fara bambancewa. Shi lamela ƙananan fallayen ƙarfe ne masu hudoji, ana ɗaure su da juna da igiyar fata, ba tare da an ɗinka su a jikin wata riga ba. Wanda ake ɗinkawa a kan fata ko yadi kamar ɓawon kifi wani abu ne daban, kuma 'yan kasuwa da yawa suna cakuɗa sunayen biyu.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka tambayi shugabannin ƙungiyar ko sun yarda da shi ma. Hujjar da ake da ita a kan wannan sulke a ƙasar Baikin ba ta da yawa: mafi shahara ita ce gutsattsarin da aka tono a sansanin mayaƙa na Birka, a tsibirin Björkö na ƙasar Suwidin, kimanin guda 720, na ƙarni na 10, kuma ƙirarsu ta yi kama da ta mahayan filayen tsakiyar Asiya, abin da ya sa masana ke ganin daga gabas ya zo. Don haka ƙungiyoyi masu tsanani ba sa barin kowa ya sa shi sai wanda ke fitowa a matsayin mutumin Birka ko ɗan Rus, wato Baikin da suka zauna a gabashin Turai, mai hulɗa da gabas, kuma sauran tufafinsa, tun daga ɗamara har hula, dole su dace da hakan. Sai ka kula da wani abu kuma: da yawa daga cikin fallayen da ke kasuwa an kwaikwayo su ne daga wanda aka samu a kaburburan yaƙin da aka yi a garin Visby na ƙasar Suwidin a shekarar 1361, wanda masanin kayan tarihi Bengt Thordeman ya bayyana a 1939, kuma tsakaninsa da Birka akwai shekaru kusan 400. Wanda ya sani, da kallo ɗaya zai gane.

Sulkena na farko gamamme na saya daga wani mai sayarwa a intanet. A hoto ya yi kyau ƙwarai. Da ya iso sai na tarar kaurin ƙarfen ya kai milimita 1.5, an ɗaure shi tamau da igiyar nailan, jeri bai iya motsawa a kan jeri, har idan na sunkuya bakinsa na sama yakan taso ya tokare mini maƙogwaro. Mafi muni shi ne hudojin, domin inji ne ya huda su aka bar bakinsu da kaifi kamar aska. A atisaye na uku wani ya kawo mini sara a haƙarƙari, na ji wani ƙas, na duba na ga jeri guda ya zazzago yana reto a cinyata, igiyar ta yanke a wuri huɗu.

Tun daga ranar na gane cewa ƙarfin wannan sulke a ɗaurinsa yake, kuma ɗauri ba ya yin daidai sai an yi shi a kan jikin mai sawa. Shawarata ita ce ka sayi fallaye tsuraru, na ƙarfe baƙi mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, ka guji ƙarfen da ba ya tsatsa domin ƙyallinsa na zamani ne. Ka nemi mai sayarwa ya aiko maka da guda biyar tukuna, ka shafa bakin hudar da yatsa, ka ga ko an ɗan lanƙwasa fallen, domin lanƙwasar tana ƙara masa ƙarfi, tana kuma sa shi ya kwanta a jiki. Kafin ka yi odar sauran, ka yanka irinsu a kwali, ka jera a kan rigar lifidin da za ka sa a ciki, ka ƙirga. Nawa ya ci fallaye 430, sai na ƙara 40 don gyara.

Aikin da ya fi cin rai shi ne goge hudoji. Kowane falle na bi shi da ƙaramin magagari da samfefa, huda bayan huda, kuma wannan kaɗai ya cinye mini dararen wata guda. Kada ka tsallake shi. Igiya kuwa, ka sami baduku ya yanka maka ita daga fatar da aka jeme da kyau, ka shafe ta da kakin zuma, ka ja ta da ƙarfi kafin ka fara, don ta gama miƙewa tun ba ta shiga sulken ba.

Wajen ɗauri, za ka fara haɗa fallaye gefe da gefe su zama jeri, wannan kam ka ɗaure shi sosai, sannan ka naɗe bakin jerin da siririyar fata don kada ya ci rigar ciki. Amma igiyar da ke rataye jeri a jikin jeri dole ka bar mata ɗan sassauci, kuma jerin ƙasa ya hau kan na sama ta waje, yadda idan ka durƙusa za su shige cikin juna su gajarce. Abin da ya buɗe mini ido a nan shi ne hotunan sulken Tibet da ke gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York, domin su da igiyarsu suka tsira, alhali na Birka ƙarfen kawai ƙasa ta bari. Ka dube su ta ciki, ba ta waje kaɗai ba.

Nawa na yanzu kilo 9 ne, ya tsaya daidai cibiya, kuma ɗamarar da nake ɗaurawa a kansa tana sauke rabin nauyin a ƙugu, har nakan wuni da shi ba tare da kafaɗa ta yi tsami ba. Bayan kowane taro nakan baza shi ya sha iska, in goge gumi, in shafa mai kaɗan, sannan in bi igiyoyin hammata da na kafaɗa ɗaya bayan ɗaya, domin su ne ke fara sudewa. Idan samfurin ya iso, ka ɗauki hotonsa kusa da ma'auni ka turo, zan duba maka tsarin hudojin kafin ka biya kuɗin sauran.