Me ya haɗa ciwon bawul ɗin zuciya da ɗigo-ɗigon ƙafa da fitsari mai launin shayi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena shekararsa 24, tun yana firamare aka ce bawul ɗin zuciyarsa yana da matsala. Sama da wata guda ke nan zazzaɓi bai sake shi ba, an yi na maleriya, an yi na taifot, shiru. Yanzu wasu ɗigo-ɗigo masu duhu sun feso masa a ƙwauri, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. A asibiti an ce ƙwayar cuta ce ta kama bawul ɗin har jijiyoyin jininsa suka kumbura. Me ya haɗa zuciya da fata da fitsari? Wani mai kemis kuma ya ce mu ba shi firednisolon, ƙurajen za su kwanta. Mu ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe: kada ku ba shi firednisolon, wanda magani ne mai danne garkuwar jiki, sai in likitan da ke duba shi ne ya rubuta.

Abin da kika siffanta ya yi kama da ciwon da likitoci ke kira endokaditis, wato ƙwayar cuta ta kama bawul, 'yar ƙofar nan da ke hana jini komawa baya a zuciya. A wajenmu, bawul ɗin da ya lalace tun yarinta galibi ciwon maƙogwaro ne da ba a yi wa magani ba ya jawo, ya bar tabo a kansa. To bakteriya na son irin wannan tabon. Takan shiga jini ta dasashi mai ciwo, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko maruru, ko allura marar tsabta, sai ta maƙale a bawul ɗin, ta lulluɓe kanta da gudan jini, ta riƙa zubo 'ya'yanta cikin jini dare da rana.

Garkuwar jiki ba ta zura ido. Takan ƙera sinadaran yaƙi su kama ɓurɓushin ƙwayar cutar, su dunƙule tare. In faɗan na kwana biyu ne, hanta da saifa sukan kwashe waɗannan dunƙulen. Amma idan aka shafe makonni sai su fi ƙarfin masu shara, su riƙa maƙalewa a bangon ƙananan jijiyoyin jini. Fararen ƙwayoyin jini su biyo su da faɗa, bangon ya kumbura, jini ya tsattsafo. Ɗigon da kike gani a ƙwaurinsa jini ne a ƙarƙashin fata. Ki danna gefen kofin gilashi a kai, za ki ga bai dushe ba. A baƙar fata ba lallai ya yi ja ba, yakan yi duhu ne kawai, shi ya sa ake yawan tsallake shi.

Ƙoda ce ta fi damuna. Matatarta duk ƙananan jijiyoyi ne, kamar rariya mai ƙananan ƙofofi, kuma nan dunƙulen suka fi taruwa. Jini da furotin sai su zurare cikin fitsari, launin shayin ke nan. Wasu kuma sukan samu ɗan ƙulli mai zafi a tsinin yatsa, wanda ake kira da sunan William Osler, likitan nan ɗan Kanada da ya yi fitattun laccoci kan endokaditis a Landan a 1885.

Ga inda tarkon yake. Akwai wani kumburin jijiyoyin wanda garkuwar jiki ce da kanta ta rikice ba tare da ƙwayar cuta ba, kuma maganinsa shi ne a danne garkuwar. Kamanninsu ɗaya, har gwajin jinin da ake kira ANCA, wanda ake neman wancan kumburin da shi, yakan nuna kamar shi ne a wasu masu endokaditis. In aka danne garkuwar mai ƙwayar cuta a zuciya, ƙurajen na iya lafawa, ita kuwa cutar ta samu sarari ta cinye bawul ɗin.

Don haka maganin ƙwaurin da ƙodar yana zuciya. A ɗebi jini sau uku a kai ɗakin gwaji don a rene ƙwayar a gane ta, kuma a yi hakan kafin a fara antibayotik. Ku faɗa wa likita duk kafson da ya sha daga kemis, kada ku ɓoye ko ɗaya, domin su ne ke sa gwajin ya fito babu komai alhali cutar na nan. A yi hoton zuciya na eko, a gwada fitsari da aikin ƙoda. Daga nan sai antibayotik ta jijiya, yawanci mako 4 zuwa 6. Na san kwanciyar da tsawo kuma da cin kuɗi, amma zazzaɓi ya sauka a mako na farko ba warkewa ba ne. In ƙwayar ta mutu, kumburin jijiyoyin yakan bi ta ya lafa. Idan ƙodar ta ƙi farfaɗowa ne likita kan duba yiwuwar ƙara firednisolon, shi ma a kan antibayotik ɗin. Wani kuma sai an yi masa tiyata an gyara bawul ɗin ko an sauya shi.

In kuka ga numfashi na yi masa wuya in ya kwanta, ko fitsari ya ragu sosai, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ku sanar da likita nan take, ko da tsakar dare ne.