Tabarau na VR a masana'antar mota: wasa ne ko aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Kaduna. Na ga bidiyon ma'aikatan wani kamfanin mota sun ɗaura ƙaton tabarau a fuska, suna ta wawurar iska kamar masu kamun sauro. Wai aiki suke koyo. Da gaske ne? Kuma wayata za ta iya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da gaske ne, Malam. Wannan tabarau shi ake kira VR. Da ka ɗaura shi sai ɗakin da kake ya ɓace, ka tsinci kanka cikin masana'antar da kwamfuta ta zana, kowane ƙarfe da ainihin girmansa.

A ganina babban amfaninsa yana zuwa ne tun kafin a kai ga koyarwa. Ka fi ni sanin takaicin notin da aka ɓoye a lungun da sufana ba ta shiga. Irin wannan kuskure ake farauta tun mota tana zane: ma'aikaci ya shiga, ya miƙa hannu, in bai kai ba sai injiniya ya gyara a kwamfuta, ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba. Haka kamfanin Audi na Jamus ya tsara harhaɗa motarsa e-tron GT, wadda aka fara ƙerawa a Neckarsulm a ƙarshen 2020, ba tare da samfurin gwaji na zahiri ba. Shi kuwa Ford na Amurka har na'urori sama da 50 yake liƙa wa ma'aikaci a jiki don auna sunkuyo da miƙewa, kuma a 2015 ya ce raunukan ma'aikatansa sun ragu da kashi 70 cikin 100 tun daga 2003.

Wajen koyarwa, sabon yaro yana haddace jerin aiki, wanne kafin wanne, ya maimaita sau ɗari bai ɓata kayan kowa ba. Amma ba zai ji nauyin giyabos ba, balle ya san lokacin da noti ya ɗauru. Wannan sai a gaban oga. Wasu ma jiri ke kwasarsu in sun jima a ciki.

Batun waya kuwa, kada ka ɓata kuɗinka. Akwatin robar nan da ake zura waya a ciki juyawar kai kawai yake ganewa, bai san inda hannunka yake ba. Aikin harhaɗawa sai tabarau na musamman irin su Meta Quest ko HTC Vive, masu bin motsin hannu da taku, kuma dole a samu zanen injin da aka shirya musamman domin su.