Jirgin da ke bayan tsohon kwabo

Tambaya: Malam, ina tara tsofaffin kuɗi. A akwatin marigayi kakana na tsinci jan kwabon Ingila na 1943, gabansa kan Sarki Joji na Shida, bayansa jirgin ruwa irin mai tafiya da iska. Abokina ya ce jirgin 'yan fashin teku ne. Anya gwamnati za ta buga ɓarayi a kuɗinta? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai Bature ba zai yarda ba. Rabin kwabo ne a hannunka, jirgin kuwa Golden Hind ne na Francis Drake, wanda aka fara bugawa a kuɗin a 1937. Da shi Drake ya zagaye duniya daga 1577 zuwa 1580, yana tafe yana kwashe azurfa da zinariyar jiragen Sifaniya. Da ya dawo, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta karɓi kasonta, ta kuma ba shi sarauta a 1581. Mutanen Sifaniya kuwa ɗan fashi suke kiransa. Kafin nan ma ya bi John Hawkins, wani shugaban jiragen ruwa ɗan Ingila, kamun bayi a gaɓar Afirka ta Yamma, amma wannan ba ya fitowa a jikin kwabo.

Duba jirgin da kyau: iska ta cika shi, yana keta ruwa, ba ƙwarangwal ko ɗaya irin na baƙar tutar 'yan fashin teku. Saƙon shi ne Ingila ce mai teku. Wanda ya yi fashi da izinin fada jarumi ne, wanda ya yi don aljihunsa shi ake zanawa da baƙar tuta. Irin su ɗan fashin teku Blackbeard, da aka kashe a 1718, sai a katunan kwalin sigari suka samu shiga, kamar jerin 50 da kamfanin Allen & Ginter na Amurka ya fitar a 1888. Af, baƙar tutar ma da sauƙi, tana nufin ku miƙa wuya ku tsira. Jar ce ke cewa ba wanda za a bari da rai.

Batun kuɗi, kar ka sa rai, miliyoyi aka buga. Kuma don Allah kar ka goge shi da toka ko lemon tsami, masu saye sun fi son sa da duhunsa.