Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙafafun ɗanta

'Yar'uwa, ke da kika ce ɗanki ya shekara biyu da rabi, ƙafafunsa sun yi baka, in ya ɗan yi tafiya sai ya zauna yana kuka, kuma ana matsa miki ki kai shi wurin mai ɗori: don girman Allah kar ki kai shi. Ɗori na karaya ne, ɗanki kuwa bai karye ba.

Haka aka yi wa 'yata a nan Jega. Uwar mijina ta ce goyona ne ya lanƙwasa ta, wai ina ware mata ƙafa da zani, wai a danginsu ba a taɓa haihuwar mai irin wannan ƙafa ba. Gaban baƙi take faɗa, ba a ɓoye ba. Ranar da na tafi gidan suna ta ɗauki yarinyar, ba ta shawarci kowa ba. Na dawo na tarar an jera mata kara daga gwiwa zuwa idon sawu, an naɗe da tsumma tamau, ga warin man shanu. Kwana ta yi tana tsala ihu har muryarta ta dishe. Da asuba na haska fitilar waya, yatsun sun kumbura, sun yi sanyi, sun fara duhu. Reza na ɗauka na yanke tsumman, fatar duk ta tashi. Kin san abin da matar nan ta ce? Wai na karya magani. Shi kuma maigidan ya sunkuyar da kai, uffan bai ce ba, wai uwa ce. Har yau tabon yana ƙaurin yarinyar, kuma har yau ba wanda ya ce min ki yi haƙuri. Na bar su da Allah.

Da muka je Birnin Kebbi, likitan ƙashi bai ma fara da ƙafar ba. Wuyan hannunta ya kama, ya nuna min yadda ya yi kauri, sannan ya ɗora yatsana a haƙarƙarinta na ji wasu ƙulle-ƙulle a jere kamar 'ya'yan carbi. Aka yi hoton ƙashi da gwajin jini, ya ce rikets ne, ƙashin ne bai yi ƙwari ba, nauyin jiki ke lanƙwasa shi. Na ce ba rashin bitamin D da jiki ke samu daga hasken rana ke kawo shi ba, to mu da rana ta ishe mu? Ya ce a ƙasar nan galibi kalsiyam ne, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ke ƙaranci, an gwada a Jos an buga sakamakon a 1999, yaran da aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Kuma gaskiyarsa, daga yaye me muke ba yara? Koko da safe, tuwon dawa ko shinkafa da dare. Babu ruwan goyo, babu ruwan tsayar da yaro da wuri.

Ba wai na ce naki ma shi ne ba. Yawancin yara da ƙafar baka suke fara tafiya, ta miƙe da kanta wajen shekara 2, wajen 3 zuwa 4 kuma ta koma gwame, kafin 7 ko 8 ta daidaita. Amma naki ya wuce biyu, ga ciwo, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. In ƙafa ɗaya ce ta fi lanƙwasa, ko yana ɗingishi, ko kullum ƙaruwa take, to wannan ba na jira ba ne. Akwai kuma wani da ake kira Blount, a ƙashin ƙasan gwiwa yake, shi abinci ba ya gyara shi, wani har sai an yi aiki a Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Tawa wajen wata shida ta yi tana shan magani. Ciwon ne ya fara tafiya, miƙewar ƙafar kuwa a hankali ta zo, sai kin yi haƙuri. Kar ki sayi takalman nan masu tsada da ake cewa suna gyara ƙafa, kuma kar ki tsaya kan na kemis ba tare da an auna shi ba. Nono da kindirmo, ki dage. Na san madarar gwangwani yanzu ta gagari talaka, ni ma na Fulani nake saya in tafasa. Ƙananan kifin Yauri busassu ki daka har da ƙayar ki zuba a miya, kuka da riɗi ma suna taimakawa. Ki bar shi ya yi wasa a tsakar gida, ban da kulle shi a ɗaki don gudun bakin mutane, bakin mutane ba ya ƙarewa.

Kuma in a gida ɗaya kuke da masu maganar ɗorin nan, kar ki fita unguwa ki bar musu shi, ki goya abinki. Wane gari kike? Ki duba wuyan hannunsa yau ki gaya mana.