Agogon zinari mai tambarin kuros: ya halatta in ɗaura?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Maigidana ne ya dawo daga Dubai ya kawo mini tsarabar agogon hannu na zinari, ƙirar Patek Philippe. Ya ce ya biya rabin kuɗin, sauran zai tura bayan wata uku. Na ɗaura shi ranar wani suna, sai ƙanena ya kama hannuna ya nuna mini wata 'yar alama a jikin maɓallinsa, ya ce kuros ne, har ya ce sallata ba ta yi ba. Malam, ya halatta in ci gaba da ɗaurawa? Akwai zakka a kansa? Kuma shi maigidan yana son ya sayi irinsa na maza. Daga wata baiwar Allah, Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, sallarki ta yi, babu ramuwa a kanki. Amma ƙanenki bai yi ƙarya ba game da alamar, don haka kada ki yi fushi da shi.

Zinarin kansa ba abin tsayawa ba ne. Hadisin Abu Musal Ash'ari da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito ya nuna an halatta zinari da alhariri ga matan wannan al'umma, an haramta su ga mazanta. Agogo a wuyan hannun mace awarwaro ne mai faɗin lokaci. Tarihinsa ma haka ya nuna: a ƙarni na 19 mazan Turai a aljihu suke saka agogo, na hannu kuwa kayan adon mata ne. Shi wannan kamfani, wanda Antoni Patek, mutumin Folan, ya kafa da abokinsa Czapek a Jeniba ta ƙasar Siwizalan a 1839, kafin Bafaranshe Adrien Philippe ya shigo a 1845, agogon hannunsa na farko a 1868 ya ƙera shi, kuma wata basarakiyar Hungari mai suna Koscowicz ce ta mallake shi. Sai dai ado ne, hukuncin aya ta 31 a Suratun Nur ya hau kansa: ba a zare hannu daga mayafi don maza baƙi su gani.

Wannan hadisin ya amsa tambayar maigida. Na zinari haramun ne a gare shi, ko ja ne ko fari, domin farin zinari zinari ne da aka gauraya da wani ƙarfe. Kamfanin yana ƙera na baƙin ƙarfe marar tsatsa, ya nemi wannan, amma ya karanta abin da ke tafe tukuna.

Maganar alama ita ce mai nauyi. Ni ba na cikin masu ganin kuros a duk inda layi biyu suka gitta. Da haka ne da alamar tarawa a lissafi da sandunan taga duk sun haramta. Amma wannan dabam take. Masu kamfanin da kansu kuros suke kiranta, kuros ɗin Calatrava, kuma sun yi mata rajista a matsayin tambarinsu a 1887. Calatrava lalatacciyar Larabci ce, asalinta Ƙal'atu Rabah, wata ganuwa ta Musulmin Andalus. Bayan ta faɗa hannun Kiristoci, a 1158 aka kafa rundunar mayaƙa 'yan coci don su tsare ta daga dakarun daular Musulmi ta Muwahhidun, kuma wannan kuros mai kai huɗu, kowanne da lanƙwasa kamar fure, shi ya zama tambarin rundunar. Wanda ya ce zanen fure ne kawai bai bi asalin abin ba.

Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Annabi (SAW) ba ya barin wani abu mai siffar kuros a gidansa face ya warware shi. A nan malaman zamani suka rabu. Wasu suka ce tambarin kasuwanci da ya ƙanƙance har sai an ƙura ido, ba a bauta masa, mai ɗaurawa bai nufe shi ba, ya fita daga ma'anar hanin. Wasu suka ce hadisin bai bambanta babba da ƙarami ba. Ni na fi karkata ga na biyun a wannan agogon musamman, saboda dalili guda: kauda alamar abu ne mai sauƙi, kuma inda babu wahala babu dalilin neman rangwame. Galibi wuri biyu take, kan maɓallin maɗauri da kan ɗan abin da ake murzawa a saita lokaci. Idan maɗaurin fata ne, mai gyaran agogo zai sauya miki maɓalli marar zane. Wanda ya rage kuwa maƙerin zinari zai iya shafe shi ko ya rufe shi. Na san za a ce mini taɓa shi zai karya masa daraja a kasuwa, kuma gaskiya ne. Idan kuɗin ne abin ji, ki sayar da shi yadda yake, ki sayi wani marar alamar. Kafin ki yi ɗayan biyun, ki riƙa cire shi lokacin salla don fita daga saɓani. Kuma kada wani ya kafirta ki ko ya fasiƙantar da ke a kan mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta.

Abin da ba ki tambaya ba, wanda ya fi tsaya mini a rai, shi ne rabin kuɗin da ba a biya ba. Hadisin Ubada bin Samit a Sahihu Muslim ya shar'anta hannu da hannu a cinikin zinari da azurfa, kuma majalisun fiƙihu na Makka da Jidda sun tafi a kan cewa kuɗin takarda, naira ne ko dirhami ko dala, hukuncin zinari da azurfa suke ɗauka. Wani zai ce ai zinarin da ke jikin agogon kaɗan ne, mafi yawan kuɗin na aikin hannu ne da suna. Imam Malik ya riga shi zuwa nan. A Muwaɗɗa ya yi maganar takobi ko zobe ko Mus'hafi da aka yi wa ado da zinari: idan ƙimar zinarin ba ta wuce sulusin ƙimar abin gaba ɗaya ba, ya halatta a saye shi da dinari, amma da sharaɗin hannu da hannu, ba jinkiri. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun sassauta, suka ce ƙira ta mayar da kayan ado haja kamar tufa, ana iya sayensu bashi. Saboda wannan ra'ayi ba zan ce a mayar da agogo Dubai ba. Amma ki gaya wa maigida, cikin ladabi, ya tura ragowar yanzu in yana da hali, ya nemi gafarar Allah, kada ya sake sayen zinari bashi.

Zakka kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya, haka ma wajen Shafi'i da Ahmad, babu ita a kan kayan adon da mace take sakawa. Nana A'isha ta riƙe marayun ɗan uwanta, suna da kayan ado, ba ta fitar musu da zakkarsu ba, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Abu Hanifa ya wajabta. Idan kina son bin nasa don ihtiyaɗi, nauyin zinarin ake dubawa, ba kuɗin da aka saya ba. Za ki ga an buga 750 a jikin agogon, ma'ana kashi 750 cikin 1000 ne tsantsar zinari, wato karat 18. A ƙiyasta nauyinsa ban da inji da gilashi, a ɗauki kashi uku cikin huɗu, a haɗa da sauran gwala-gwalanki. In sun kai nisabi, kimanin giram 85, kuma shekara ta zagayo, a fitar da 2.5 cikin ɗari. Amma ranar da kika daina ɗaurawa kika ajiye shi a akwati don maganin wata rana, ya zama ajiyar dukiya, zakka ta shiga ko a wajen Malikiyya.

Tsadarsa ita kaɗai ba ta mayar da shi almubazzaranci. Ana auna wannan da halin mai saye: idan maigida yana fitar da zakkarsa, bai tauye ci da sha da kuɗin makarantar yara ba, babu mai binsa bashi yana ja masa rai, kyautarsa halal ce. Sai dai wanda ya kasa biyan kuɗin agogo ɗaya a take, ban ga dalilin da zai sa ya fara cinikin na biyu ba. Idan kuma kina da abokiyar zama, kada agogon ya zama abin yi mata gori a tsakar gida.

Wallahu a'alam.