An ce talaucina shaida ne Allah bai zaɓe ni ba

TAMBAYA: Baba Fasto, salama cikin sunan Ubangiji. Ni gwauruwa ce, asalina wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, yanzu ina zaune a Katsina, da suyar ƙosai nake riƙe 'ya'ya huɗu. Watan jiya mata suka zaɓe ni shugabar Zumuntar Mata a ikilisiyarmu. Karatuna bai wuce firamare ba. Wani baƙon mai wa'azi da ya zo taron farkawa ya ja ni gefe ya ce wanda Allah ya zaɓa ba ya zama cikin talauci, wai la'anar tsafin kakannina ce take bina, sai na shuka iri na naira 50,000 kafin ya karya ta. Tun ranar ba na barci. In ajiye shugabancin ne, ko in ci bashi in biya?

AMSA: Mama, ki kwantar da hankalinki. Kada ki ajiye shugabanci, kada kuma ki ci bashin ko sisi.

Zancen karatu ba zan daɗe a kansa ba, don kin san labaran. Dawuda yana jeji wurin tumaki aka aika aka kira shi, bayan Sama'ila ya duba 'yan'uwansa bakwai. Amos da bakinsa ya ce shi ba annabi ba ne, ba ɗan annabi ba, makiyayi ne mai kula da itatuwan ɓaure. Bitrus da Yahaya kuwa, majalisar Yahudawa ta gane ba su da ilimi, talakawa ne, amma ta shaida sun zauna tare da Yesu (Ayyukan Manzanni 4:13). Littafi Mai Tsarki na Hausa da kike karantawa, tun 1932 yake hannun mutanenmu, kuma manoma da mata irinki ne suka kai shi ƙauye ƙauye.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganar baƙon nan, domin da wuya mako ya wuce ban ji irinta ba. Kullum salon ɗaya ne. Ba sa faɗa a gaban jama'a, sai su ja mutum gefe. Ba sa tunkarar mai kuɗin da zai iya yi musu tambaya, sai gwauruwa, sai matar da ba ta samu haihuwa ba, sai wanda ciwo ya kwantar. Sun kuma san inda ke mana zafi. Sun san da yawa daga cikinmu jikokin Maguzawa ne, cewa kakanninmu sun yi tsafi da bori, sai su kama wannan tsohon tsoro su mai da shi jari. Mama, boka ma haka yake yi: ya tsorata ki, ya faɗi farashi. Wannan ya riƙe Littafi a hannu ne kawai.

Ki buɗe Ezekiyel 18:20. Ɗa ba zai ɗauki alhakin laifin ubansa ba. Ki buɗe Galatiyawa 3:13. Almasihu ya fanshe mu daga la'ana da ya zama la'ana dominmu a kan gicciye. To, abin da jinin Yesu ya biya, wane ne zai zo ya ce akwai cikon naira 50,000? Wanda ya faɗi haka ya raina gicciye, ko ya sani ko bai sani ba.

Irin waɗannan masu wa'azi kuma ba sabbi ba ne. A 2 Sarakuna 5, wa Allah ya yi amfani da ita har Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya warke daga kuturta? Ƙaramar yarinya ce, baiwa, wadda ko sunanta ba a rubuta ba. Annabi Elisha, wanda ta hannunsa ya warke, ya ƙi karɓar komai a hannun Na'aman. Gehazi baran Elisha ne ya bi Na'aman a guje ya karɓo azurfa talanti 2 da riguna 2, kuturtar kuwa ta koma kansa. Duk lokacin da na bi hanyar Batsari na wuce Babbar Ruga, inda 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka yi jinyar kutare, nakan tuna da wannan sura. Mutanen da danginsu suka guje su, a can wasunsu suka ji bishara, kuma babu wanda ya ce su biya kafin Allah ya karɓe su. A Samariya ma Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi.

Na san ayar da za su jefo miki: gwauruwar da ta zuba anini biyu a Markus 12. Ki ce su karanta aya ta 40, wadda ta zo gab da labarin. A can Yesu ya tsawata wa malaman da suke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a, ya ce hukuncinsu zai fi tsanani. Me ya sa kullum suke tsallake wannan ayar? Baiko da zakka ana kawo su ne da yardar rai, a gaban ikilisiya, a rubuta a littafi. Ba a miƙa su a bayan majami'a don tsoro.

Ina kuma da magana da dattawanmu. Ku daina ba kowane baƙo bagade don kawai yana da murya da kwat mai tsada. Ku tambayi ikilisiyar da ta aiko shi, ku nemi takarda.

Mama, gobe in kin sauke kasko, ki je wurin fastonku tare da dattijo ɗaya da ma'ajiyar Zumunta, ki faɗa musu duk abin da mutumin nan ya ce, domin ina tabbatar miki ba ke kaɗai ya ja gefe ba. Ranar taronku na gaba ki tsaya gaban matan, ki karanta musu 1 Korantiyawa 1:26-29 da Hausa, a hankali, sa'an nan ki tambaya ko akwai wadda ta riga ta biya.